Ba Albarushin Inna Baiwa Ne Ya Ci Hannun Illa Ba

Ranar da Inna Baiwa za ta yi daka, ba a hura wuta a gidanta. Tana idar da sallar asuba sai ta nufi murhu, ta yayyafa wa toka ruwa, ta tura hannu ciki ta ji ko da sauran ɗumi. Daga nan ta tuɓe munduwa da zobe ta zuba a ƙwarya, don ko allura ba ta yarda ta kusanci turmin nan. Sai ta jawo kayanta uku: gawayin tumfafiya, da farar wutar da ayarin arewa ke saukewa a Damagaram, da gishirin da take kankarowa daga gindin tsofaffin katangu, ta tace, ta dafa tun kwanaki kafin ranar. Ta haɗa, ta ɗan jiƙa, ta kama taɓarya. Daka ne na natsuwa, ba lugude, ba waƙa. Tun hantsi har la'asar sakaliya fura kawai take kurɓa. Abin da ke fitowa daga turmin shi ne albarushin da bindigogin Matameye da Kurni da Icirnawa suka ci shekara arba'in.

Ni Sallau nake wannan rubutu, bayan an ɗaure gero, a shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da bakwai daga Hijira. Na yi harbi shekara ashirin da biyar kafin gwiwa ta zaunar da ni ga allo da tawada. Na ce a karanta takardar nan a taron buɗin daji, gaban Sarkin Baka da duk mai rataye da bindiga ko kwari, domin na ji abin da kuka shirya. Wai yau za a aika a ɗauko turmin matar nan a faskara a gaban jama'a. A faskara! To, ku saurare ni tukuna, in ya so ku wasa gatarin.

Wa ya taɓa ɗora wa kansa abin da take ɗora wa kanta? In daka ya bushe, takan ɗebi ɗan kaɗan ta fita bayan gida, ta zuba a tafin hannunta na hagu, ta ɗosana masa bakin wuta. Mai kyau sai ya yi fau ya tashi, ya bar tafin fes. Mara kyau yakan tsaya ya ci nama. Ku je ku ce ta buɗe muku hannun ku gani, fatar ta koma kamar tsohuwar salka. Duk dakan da ya ƙone ta, rijiyar da ta mutu a bayan unguwa take juye shi, ba ta taɓa miƙa wa ɗan wani ba. Shekara arba'in ba ƙwayar da ta shiga bindigarku ba ta fara bi ta hannunta ba.

Amma ba don wannan nake jinjina mata ba. Kowa ya san dokar kakanni: daga ruwan farko har a ɗaure gero, daji a rufe yake. Lokacin ne barewa ke da ciki, gada ke ɓoye ɗanta a ciyawa, zabo da jimina ke kwanci. Sarkin Baka kan sa a yi shela, mu duka mu ce mun ji. To, amma ku gaya mini gaskiya don Allah, shela ce take tsare daji? Ni na san zuciyar maharbi, na ɗauke ta a ƙirjina. In ya ga gwanki a bakin tafki, kunnensa toshewa yake. Abin da ya tsare dajin nan shi ne, ranar da aka yi ruwan farko Inna Baiwa takan kifa turminta a tsakar gida, ta ɗora masa dutse, ba ta sake tada shi sai dami ya shiga rumbu. Ba daka, ba albarushi. Bindigogi su koma sanduna a jingine a kusurwar ɗaki, namun daji su haihu a tsanake.

Mun yi mata gunaguni, ni ma na yi. Wata damina na je na ce, "Yaya Baiwa, ɗan na harbi ɗaya, zabi sun dame ni a gona."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sallau, zabin ne suka dame ka, ko miyar kuka ce ta ishe ka? Je ka yi musu ihu, ai kana da murya."

Ba kuma taurin kai ne na banza ba. Rabi'u na Kurni yana zaune a cikinku, ku tambaye shi. Shekarar da zaki ya sauko yana kama shanu da tsakiyar damina, har ya ja wata mata daga bakin rijiya, Rabi'u ya zo mata a guje. Ba ta ce masa doka ba. Ta ɗaga dutse, ta yi daka a ranar, ta auna masa na ɗuri biyu, ta ce, "Ɗaya na zaki, ɗaya na in ka kuskure. In ba ka kuskure ba, ka dawo mini da abina." Ya kashe zakin da harbin farko. Ya dawo da na biyun a ƙulle a tsumma, ta karɓa, ta mai da turmi ta kife.

Sai ga wannan annoba ta gashin jimina. Tun da fataken Tarabulus suka fara nemansa kamar za su dafa su ci, kowane mai bindiga idonsa ya koma arewa. Wani dillalinsu, Attaher, ya zo gidanta da turmin alharini biyu da tulun turare, ya ce ta daka masa da damina, don lokacin kwanci jimina ba ta nisa da ƙwanta, harbinta ba wuya. Ina zaure na ji amsarta. Ta ce, "Ka kashe uwa a kan ƙwai bana, baɗi gashin wa za ka fige, na kazata?" Ta sa aka fitar masa da kayansa ƙofar gida. Shi ne ya koma ya dawo da nasa albarushin na bayan teku a cikin 'yan ganguna, wanda bai san rani ba, bai san damina ba.

Inna Baiwa, ke ce ƙofar dajin nan, ƙofar da ba sarkin da ya naɗa. Ke ce kika bar cinikin wata huɗu kowace shekara, kika koma sai da daddawa, don jikokin mutanen da ke zaginki yau su tashi su san kamannin barewa. Ba wanda ya taɓa aiko miki da ko hanta ya ce ga godiya.

Yanzu mu zo ga maganar da ta tara ku. A tsakiyar daminar bana bindiga ta fashe a hannun Illa, ɗan ƙanen Inna Baiwa, ta tafi da babban yatsansa na dama da biyu na kusa da shi. Da Sarkin Baka ya je dubiya ya tambaye shi, Illa ya ce biri yake kora a gona, albarushin kuwa ragowar na Gwaggo ne tun na rani. Shi ke nan, magana ta kama gari. Ta tsufa, ido ya mutu, hannu ya lalace, ba ta san awo ba. Aka hana saye wurinta. Matan da ta sha ba mazansu abin da suka ciyar da su da shi suka riƙa janye tulu in ta iso rijiya. Wani ma, da na san ubansa, ya ce wai da gangan ta yi. Haba jama'a! Ba ku ji kunyar gemunku ba?

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni na danne kafaɗun Illa ranar da aka kawo shi, don gidana ne kusa. Inna Baiwa ce ta zauna da ƙayar aduwa tana tsince ƙwayoyin albarushi daga naman hannunsa, tana ajiyewa a kan sakaina. Na ga ƙwayoyin da idona. Nata toka-toka ne, garas-garas, kowa a nan ya san shi. Waɗannan kuwa ƙanana ne, baƙi ƙirin, suna sheƙi. Ta dube su, ta dube ni, ta kife sakainar da ƙafarta, ta ci gaba da tsinta.

Ga abin da ya faru, kuma duk maharbi zai gane. Mu nan da yatsu muke awo. Ka zuba albarushi, ka tura sandar ɗuri, in abin da ya rage a waje ya kai faɗin yatsa huɗu, ɗuri ya yi. Haka ubanninmu suka koya mana, kuma daidai ne ga dakan gida mai sanyin tashi. Na Attaher yatsa biyu ya ishe shi, amma Attaher bai gaya wa kowa ba, don mai yawan zubawa shi ne mai saurin dawowa. Illa ya karɓa a ɓoye, ya nufi dajin arewa wurin jimina mai kwanci, ya ɗura yatsa huɗu kamar yadda hannunsa ya saba. Tsohon bututu ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Ba biri, ba gona, ba ragowar Gwaggo. Kun bar jaki kuna dukan taiki wata uku cur.

Na je na same ta bayan kwana bakwai, raina a ɓace. Na ce, "Yaya Baiwa, ki buɗe baki mana! Ana cin mutuncinki kina ji."

Ta ce, "In na buɗe, me doka ta ce?"

Na san dokar sarai. Maharbin da ya ji rauni bisa ƙa'ida, 'yan'uwa kan aika gidansa da cinya daga duk abin da aka kashe har ya mutu. Wanda kuwa ya keta rufin daji, a kore shi, a hana gidansa ko ƙashi.

Ta ce, "Balki matar Illa na da goyo, ga huɗu a ƙasa. Mutum da rabin hannu ba noma, ba harbi. Ni na ci zamanina, Malam. Sunana ne kawai za su ci, suna kuwa ba ya shiga tukunya."

Na bi maganarta na yi mata alkawarin ba zan faɗa ba, kuma wallahi ina jin haushin kaina fiye da yadda nake jin naku. Domin ba sunanta kaɗai ake ci ba. Tun da kuka hana dakanta, wurin wa kuke saye? Yau ganguna nawa ne a ɗakunanku? Ruwan farko na baɗi, wa zai kife wa Attaher turmi? Ku faskara na Inna Baiwa yau, shekara uku ba za ku ga sawun jimina tsakanin nan da Kance ba, kuma hannun Illa ba shi ne na ƙarshe ba. Akwai mutum goma a cikinku da har yanzu yatsa huɗu suke aunawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma ku ne kuka riƙe sandar.

Inna, ki gafarce ni, na saɓa alkawari. Na gode miki a madadin kowane gida da ya ci nama bai binne maharbinsa ba. Na gode a madadin wanda kika hana ya ji haushi, ya zo daga baya ya gane. Allah ya saka miki da abin da mu muka kasa, ya sanyaya hannun nan, ya sa ki gama da duniya lafiya. Ku kuma matasa, in kuna neman wanda za ku koyi harbi wurinsa, maharba sun yi yawa. In kuna neman wanda za ku koyi hana kai wurinsa, ga ta can bayan masallaci tana shanya daddawa, ku je tun tana da rai.

Da na gama rubutu na sa aka ɗauke ni zuwa gidanta na karanta mata. Ta saurara har ƙarshe. Abu ɗaya ta ce: "Goge sunan yaron. In kuwa ba ka gogewa, ka roƙar masa cinyarsa." To, Sarkin Baka, na roƙa. Matar da aka zalunta ce ta aiko ni, in kana da amsar da ta fi tata ka ba ta.

Sunan kuwa ban goge ba, domin ba ni na sa shi ba. Shekaranjiya Illa ya shigo zaurena da kansa, ya durƙusa, ya ce ya ji zancen gatari. Ya ce, "Malam, rubuta duka. In an hana cinyar, Allah ne mai ciyar da 'ya'yana, amma ba za su ci Gwaggo ba." Na ce ƙafata ba ta kai ni taro, wa zai kai? Ya ce shi.

Ku ɗaga ido. Wanda ke tsaye kusa da mai karatu, hannun dama a cikin riga, shi ya kawo muku takardar nan, ya san kuma abin da za ta ja masa. Mai yatsa biyu ya yi nasa. Saura ku masu biyar.