Tukunyar Gishirin Baba

Mahaifina mai walda ne a Ƙofar Ɗan Agundi, kuma yana da wata al'ada da ta daɗe tana ba ni haushi. Duk gwangwanin fentin da aka sayo, sai ya shafa wa guntun ƙarfe, ya karce shi da ƙusa, ya naɗe da tsumman da ya jiƙa da ruwan gishiri, ya jefa cikin tsohuwar tukunya ya rufe. Daga Juma'a sai Juma'a yake buɗewa. In tsatsa ta bi ƙarƙashin fentin, gwangwanin nan ya koma kasuwa ke nan, ko da wanda ya kawo aiki na tsaye yana kumfar baki.

"Baba, wai teku ce a Kano?" na taɓa ce masa.

"A'a," ya ce, "amma akwai damina."

Da ya rasu na gaji rumfar waldar, na ba matata tukunyar tana zuba wa kaji ruwa. Mako guda don tsumma? Ni mai sauri ne, kuma har alfahari nake da hakan.

Sai wata Hajiya ta Zaitawa, tsohuwar mai cinikin Baba da ke sarin gishiri da kanwa, ta ce in yi mata matakalar ƙarfe zuwa saman sitonta. Kwana uku na gama. Na shafa wani sabon koren fenti mai sheƙi, ban ma fara sa jan fentin da ke hana tsatsa ba. Ban tsaya na tuna cewa gishiri na gumi da damina ba, kuma a jikin matakalar nan za a riƙa jingine buhuna.

Damina biyu ta yi. Daga waje koren na nan fes, ashe kallon kitse ake wa rogo. Wata safiya Hajiya ta taka matakala ta biyar, wurin waldar ya ɓalle, ta faɗo da ƙugu. Mai ɗori ya yi iya yinsa, asibiti ma haka. Har yau ba ta sake tsayawa da ƙafarta ba.

Na je gaishe ta. Wallahi na so ta zage ni, da na ji sauƙi.

"Hajiya, laifina ne. Ban gwada fentin ba."

"Ƙaddara ce, ɗan nan," ta ce. Sai ta nuna ƙofar ɗakinta da haɓa. "Waccan babanka ya yi min, tun kana goye. Dube ta. Shi ya sa ban tambaye ka komai ba."

Na duba. Ko ɗigon tsatsa babu.

Da na koma gida na kori kajin, na wanke tukunyar na kai rumfa. Yanzu ni ma masu aiki suna tsaye suna yi min kumfar baki. Ranar Juma'a in na buɗe ta, na kan wuce Zaitawa in gaida Hajiya, a kan tabarmar da na same ta wancan makon.