Na Kwantar Da Jaririyata A Baranda Cikin Watan Yuni

A lokacin shekarata ashirin da biyu, ina goyon 'yar wata bakwai, muna zaune a wani ɗan ɗaki a unguwar Karama ta Dubai. Maigidana yana aikin kago, wato lodi da sauke kaya, a Ras Al Khor, sai magariba yake dawowa. Karatuna bai wuce firamare ba, ga ni da tsoro, ko atishawa yarinyar ta yi sai gabana ya faɗi.

Maƙwabciyarmu Baturiya ce 'yar ƙasar Ireland, malamar makaranta. Duk Juma'a takan kira tsohuwarta ta bidiyo, ni kuma in raɓe gefe ina kallo. Tsohuwar takan juya wayar ta nuna mana ƙauyensu. Tuddai kore shar, katangun duwatsu an jera ba siminti, tumaki an shafa musu shuɗin fenti a baya don kowa ya gane nasa. Yayyafi ba ya ɗaukewa. Mai kawo wasiƙa ma sai ya zauna ya sha shayi kafin ya wuce. Tun daga nan ko shara nake yi, raina yana can yana yawo cikin hazo da jiƙaƙƙiyar ciyawa.

Rannan suna cikin waya tsohuwar ta ji 'yata tana tari. Ta ce su ba sa kulle jariri a ɗaki, naɗe shi suke yi da bargo su tura kekensa bakin ƙofa ya yi barcin hantsi, wai iska ce maganin ƙirji. Tana dariya ta ce haka ta raini 'ya'ya shida.

Ban tambayi kowa ba. Washegari na naɗe yarinyar da bargo na kwantar da ita a baranda, na koma wanki ina mafarkina ido biyu. Da na fito, jikinta kamar garwashi, ta yi laƙwas, ta ƙi kama nono, kukan ma ta kasa. Ihuna ne ya fito da malamar, ta yaye bargon, ta jiƙa ta da ruwa, muka ruga asibiti. Kwana biyu ana ƙara mata ruwa. Wata nas ta tambaye ni wa ya taɓa shanya jariri a zafin Dubai.

Allah Ya bar mini ita. Tsohuwar nan ba ta yi ƙarya ba, gaskiyar garinsu ta faɗa, ni ce na manta inda nake tsaye. 'Yan'uwana masu goyo a ƙasar wasu, duk daɗin shawara, ku fara tambayar a wane gari aka gwada ta kafin ku gwada a jikin ɗanku.