An Ce Wanzami Ne

A daminar shekarar 2004, ranar da samarin golmo suka zo maimai a gonar dawarmu da ke gindin dutse a hanyar Manga, aka aike ni kai musu kunun tsamiya. Golmo shi ne noman da saurayi da abokansa ke yi wa uban yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi aurenta, wannan kuwa na Yaya Rahila ne. Ina aji uku a lokacin. Da suka sha suka rage, wani ya miƙo mini ludayi, ni kuma ga ƙishi ga kwaɗayi, na kafa kai. Sai kunun ya biyo ta hancina ya zubo a gaban rigata. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Na bar ƙwaryar a nan na ruga gida, na shige bayan rumbu na ƙi fitowa.

Tun ina jaririya, in ji Mama, hancina ba ya rabuwa da majina mai jini-jini, kukana kuma a shaƙe yake fita. Ina girma karan hancin yana lotsawa har ya zauna, daga baya wani ɗan rami ya ɓule a ganɗata, can saman baki. A makaranta na fi kowa iya carafke, amma da an fara waƙar gaɗa sai in ja baya. A coci ma layin baya na mawaƙa aka ajiye ni, aka ce tafi ya ishe ni. Aikin da yara suka tsana, zaman korar birai a gona, ni shi nake roƙo, don can ba mai leƙen fuskata. Kaka, mahaifiyar Baba, ta daɗe da yanke hukunci. Ko surfe ake yi sai ta sako zancen: "Ke kika kai ta wurin wanzami ya yanke mata belu, ga abin da kika jawo." Ni ma har haushin Mama nake ji.

Bayan ranar kunun Mama ta ɗauke ni a kabu-kabu zuwa asibiti a cikin Zuru. Wata nas dattijuwa ta haska bakina, aka ɗebi jinina, da muka koma ta ja ƙofa ta ce da Mama, "Wanga ba aikin aska ba ne. Tunjere ne, tun a ciki ɗiyarki ta ɗauko shi. Ke da maigidanki ma sai an duba ku." Baba soja ne, ya zo hutu daga aiki mai nisa kafin a haife ni. Na ga Mama ta sunkuyar da kai, sai na gane cutar tana da suna irin wanda ba a faɗa a tsakar gida. Aka yi mini allurai masu zafi, ciwon ya tsaya, amma abin da ya ci ya riga ya ci.

A hanyar gida ta riƙe hannuna tamau ta ce, "Wanzami ne, kin ji ko? In sunan nan ya fita, samarin Rahila za su saɓa garmarsu su tafi." Haka ta ci gaba da shan gorin Kaka, har aka gama golmo aka kai amarya.

Yanzu mace mai ciki na zuwa awo ake duba jininta, in an ga cutar allura ta tare ta kafin ta taɓa jariri. Nakan ga matan a layi a asibiti in zan wuce zuwa shagon ɗinkina, in ji ina ma a ce Mama ta samu haka. Ta rasu dangin Baba suna kiranta sakarya, ba ta wanke kanta ko a wurin mutum ɗaya ba. Ni da na san gaskiya, har yau ta fi ƙarfin bakina.