Jar Motar Auta Mai Inji a Baya

Shekara ashirin da 'yan kai ina tuƙin haya tsakanin Gwandu, Birnin Kebbi da Kalgo, ko akuya ban taɓa bankewa ba. Wannan nake so a fara sani kafin a kira ni mai mugun baki.

Ina aji biyu na sakandare mahaifinmu ya rasu, aka cire ni aka kai ni tasha. Ƙanena, autanmu, shi ya yi karatun har ya ƙoshi, ya sami aiki a Abuja. Ban yi masa hassada ba. To, ban dai yi da yawa ba. Daminar da ƙanwarmu da ke aure a Dangoma ta haihu, ana gobe suna sai ga shi ya iso Gwandu cikin wata jar mota mai ƙofa biyu, ta lafe a ƙasa kamar ƙadangare. Unguwa ta taru a ƙofar gidanmu. Ya buɗe gaban motar, mutane suka leƙa, babu inji, sai wani ɗan rami da jakarsa guda ta cike shi. Ya zagaya ya buɗe baya, ga injin can a cushe bayan tayoyi. Aka yi ta salati.

Ni ban yi salatin komai ba. Motar da na koyi tuƙi da ita wata tsohuwar bas ce mai inji a baya, kuma ta taɓa nuna mini halinta.

Mota, inda nauyinta yake nan hankalinta yake. Tawa injinta a gaba yake, ya danne tayoyin da sitiyari ke juyawa. In na shiga kwana da gudu za ta nemi ta wuce miƙe, in na sassauta ƙafa sai ta dawo hanya. Tana yafe wa direba. Mai inji a baya kuwa, wajen tashi ba a magana, tayoyinta na kama ƙasa kamar an liƙa su. Amma hancinta fayau yake. Kuma ranar da ka tsorata a tsakiyar kwana, ka ɗage ƙafa daga totur ko ka taka birki, gindin zai saki ƙasa, injin nan ya taso daga baya yana neman ya riga ka isa. Duk wanda ya taɓa jibga wa a-kori-kura buhuna a ƙarshen bodi ya san wannan, ba sai ya shiga aji ba.

Da asubar ranar suna aka yi ruwa mai yawa. Na san daga Kalgo in an sauka daga kwalta hanyar burji ce, kuma jar ƙasar nan in ta sha ruwa santsi gare ta kamar miyar kuka. Na gama loda tawa, gwaggonmu da mata uku, garin kunu, turamen atamfa, kwanonin tuwo. Na bar wa Inna, mahaifiyarmu, mazauninta na kullum a bayana. Sai Auta ya fito yana kaɗa makulli.

"Yau ni zan ɗauki Inna."

Ban ce a'a ba. Na shiga ɗaki na saɓo rabin buhun shinkafa a kafaɗa.

"Buɗe gaban nan."

"Na mi, Yaya?"

"In sa wanga. Ka fidda jakarka ka ba ni ita. Hancin motarka ba nauyi, hanyar kuma ta jiƙe."

Ya dubi abokansa da suka taru a ƙofar gida, ya dube ni, ya fashe da dariya.

"Haba Yaya! Injiniyoyi ne fa suka ƙera ta. Da tana son buhu ai da sun haɗo ni da shi. Wannan ba motar tasha ba ce."

Suka kwashe da dariya, har da wani da na taɓa kai matarsa asibiti tana naƙuda. Ina tsaye da buhu a kafaɗa kamar ɗan dako. Kaina ya ɗau zafi.

"Wallahi in ka shiga kwanar kwalbatin nan da gudu, sai ta juya da ku!"

Gwaggo ta dafe ƙirji daga cikin motata. "Subhanallahi! Tofar da yawun bakinka! Ranar suna kake wa ɗan'uwanka wanga fata?"

Ban tofar ba. Na juya wajen Inna. Ni ne ɗanta na fari, tunda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma kallona ido cikin ido. Haka al'ada ta ce, na sani. Amma ranar ina so ta karya ta sau ɗaya.

"Inna, ki shigo tawa."

Ta gyara mayafi tana kallon bango. "Ku ce ma wancan ya bar ma yaro abinshi."

Mutum biyu suka riƙe ta kafin ta iya sauka cikin kujerar jar motar, gwiwoyinta suna ƙara. Sandarta ma ba ta shiga ba, sai tawa aka miƙo da ita. Na yar da buhun a zaure.

Ga nawa laifin, tunda ba wanda ya taɓa tambayata in faɗa. Buhun ƙila ya taimaka, ƙila bai taimaka ba. Abin da ya fi buhu shi ne in ja shi gefe in ce: Auta, ka rage gudu tun kafin kwana, in ka shiga kuma kada ka taɓa birki. Magana ce ta numfashi ɗaya. Haushi ya hana ni. Sannan da muka sauka daga kwalta a Kalgo ni ne a gaba, ina tafiya a hankali, na tare shi. Ya yi ta danna mini ham. Gwaggo ta ce, "Ka ba shi hanya mana, baƙin ciki kake?" Na kauce. Da hannuna na yi masa alamar ya wuce.

A gaban idona aka yi. Ya kai tsakiyar kwana, wani mai babur ya ɓullo da jarkoki. Na ga jar fitilar birki ta kama, na ce innalillahi tun kafin komai ya faru. Gindin ya fita, motar ta yi katantanwa sau biyu, ta daki bakin kwalbati ta ɓangaren Inna, ta zauna cikin gonar shinkafa tana kallon inda muka fito.

Auta ko ƙwarzane. Inna hannunta na dama ya karye wuri biyu. Sai da na kwanta cikin taɓo kafin na iya zaro ta daga ramin kujerar nan. Na sauke matan da kwanoninsu a bakin hanya, na shimfiɗe ta a kujerar baya, na juya asibitin Kalgo. Motar tashar dai. Aka raɗa suna babu mu.

Kafin kwana uku magana ta gama dangi: bakina ne. Ba gudu ba, ba ruwa ba, ba injin da aka rataya wa mota a gindi ba. Bakina! Auta yana zaune yana karɓar jaje, yana cewa, "Ai Yaya ya riga ya faɗa," cikin wata irin murya, mutane suna girgiza kai suna satar kallona. Kawunmu ya kira ni ya ce in ba ɗan'uwana haƙuri. Na ce, "Kawu, da na yi shiru, da motar ba ta juya ba?" Ya ce in daina gardama da manya. Ban ba da haƙurin ba, har yau kuma ban bayar ba. A tasha yanzu in na ce wa direba tayarsa ta suɗe, sai ya ce, "Don Allah malam, kada ka sa mana baki."

Babu bakaniken da ya iya kai hannu ga injin nan a Kalgo, ɗora ta aka yi a babbar mota aka mayar Abuja. Hannun Inna ya warke a karkace. Matata ke ɗaura mata kallabi.

Bara ƙanwar tamu ta sake haihuwa. Auta ya zo da wata babbar mota mai ƙofa huɗu, injinta a gaba kamar ta kowa. Ya buɗe wa Inna ƙofa yana murmushi. Ta tsaya a bakin zaure, ta dubi motar, ta dubi ƙasa.

"Ku ce ma wancan ya tada tashi motar."

Na ɗauko makullina. Na tada. Da muka kai kwanar, na ji hannunta na hagu ya damƙi bayan kujerata, bai saki ba sai da muka wuce kwalbatin. Ban juyo ba. In wannan ne ban-haƙurin, na karɓa, amma bai ishe ni ba.