Hular Tsoho Pang

Duk layinmu a birnin Suzhou na ƙasar Sin an san Tsoho Pang da ƙanƙance ido, kamar jemagen da rana ta ritsa da shi. Ba laifinsa ba ne. Tun yana saurayi yake gadin ɗakin tsofaffin zane-zane a gidan tarihi, inda fitilu 'yan ƙanana ne masu ruwan ɗorawa, wai haske mai ƙarfi yana cinye launin silikin da aka yi zanen a kai.

A ɗakin akwai zanen wani masunci a kwale-kwale, da hula ruwan ƙasa. Pang ya fi kallon masuncin nan a kan matarsa, Inna Meng. Da lokacin ajiye aiki ya zo, sai ya ce shi ma irin hular yake so. Tela Tao ya kawo masa ƙyallaye har cikin ɗakin, suka yi ta karawa a jikin gilashin da ya rufe zanen har suka dace. Ranar sallamar Pang daga aiki, a ɗakin nan Tao ya kawo masa ita, Pang ya kafa, ya nufo gida yana taƙama.

Ashe fitilar ce ke rufa wa masuncin asiri. Rana na dukan hular ta fito kore shar. Mu kuwa nan, namiji ya sa koriyar hula, ai ya yi shelar matarsa na da wani a waje.

Masu dara a gindin bishiya suka bar wasa.

"Yaya Pang, sannu da haƙuri! Waye shi?"

"Masunci ne," in ji Pang yana shafa hula. "Tun tuni nake sha'awarsa."

Kafin ya iso ƙofa, labari ya riga shi. Inna Meng ta fito da ludayi.

"Kai tsohon banza, da furfurata za ka ɗaura min masunci?"

"Wallahi ruwan ƙasa ce!"

Ta ja shi da hannun riga har gidan tarihin. Suna shiga ɗakin, hula ta koma ruwan ƙasa. Ta leƙa zanen, ta daɗe tana kallo.

"Allah sarki. Wannan ma tasa matar ce ta ɓoye shi a duhu."

A hanya ta sayi ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa, ta ɗaura a ɗakin cin abinci. A nan kaɗai Pang ke sa hularsa yanzu, yana shan shayi. In ya miƙe zai leƙa waje da ita a kai, ko juyowa Inna Meng ba ta yi, sai dai ta ce:

"Hula."