Abin da Na Gaya wa Wanzami

A ƙauyenmu, kusa da garin Suki, in kana son magana ta zaga gari kafin la'asar, gaya wa wanzami. Har yau ina mamakin yadda aka yi shi na gaya wa tawa.

Lokacin ina da mata da 'ya'ya uku, da hawasha, wato gonar audugar da hukuma ta ba mu. Abin kuwa ya faru ne tun ina sabon tashi, a rumfar masu tsinkar auduga: wani babban mutum da ake ganin girmansa ya yi mini fyaɗe. Sau biyu na yi ƙoƙarin faɗa. Yayana ya tare ni tun ban ƙarasa ba, ya ce, "Rufe mana baki. Wa zai ba ka 'yarsa in aka ji?" Malaminmu kuma ya ba ni rubutu, ya ce shaiɗan ne ke kawo irin wannan tunani. Na sha rubutun, na yi shiru shekara ashirin.

Ciwon baya ne ya kai ni ƙaho. A tabarma ake zama, ka ba wanzami baya, ka sunkuya, ba ka ganin fuskar kowa. Shi kuma bakinsa na kan ƙahon yana zuƙa, ba halin ya katse ka. Sai kawai na ji ina magana, idona a ƙasa. Na faɗi duka.

Ya toshe ƙahon, ya tofar da yawu.

"Ɗana, shekararka nawa lokacin?"

"Sha huɗu, Baba."

"To, kai me ka yi? Yi maka aka yi. Kunyar tasa ce, ka daina ɗaukar masa. Sunkuya, ya zol, mutumina, saura ƙaho biyu."

Kwana uku ban leƙa majalisa ba, ina tsoron in yi sallama a kau da kai. Ran Juma'a na daure na je. Wanzamin yana can yana aski, yana zuba surutu. Da ya hango ni sai ya ɗaga aska.

"Ga ragon nan! Ƙato guda, tsaga uku sai hawaye!"

Aka fashe da dariya, ni ma na yi. Ashe wasu sun ga jan idona ranar da aka yi mini ƙahon, shi ne ya samo musu dalili.

Daga nan duk wata nakan je ƙaho, ko da bayan lafiya lau yake. Har Allah ya karɓi ransa, ragwancina kaɗai gari ya sani.