Ciyawar Yaya Isiyaku mai cin ƙuda

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Isiyaku, Allah ya jiƙansa, kuma har yau in na tuna shi haushi ke riga hawaye zuwa. Haushin mutanenmu, da haushin wannan bakin nawa.

Malamin daji ne. Abokan aikinsa itatuwa suke tsaro, shi kuwa ya ɗora ransa a kan wata 'yar ciyawa da ba ta kai tsawon yatsa ba. Kan duwatsun da ke tsakanin Kafur da Maska take fitowa, inda ruwa ke tsattsafowa a ƙarshen damina. Ganyenta na da gashi mai danƙo, ƙaramin ƙwaro na sauka sai ya manne, ganyen ya naɗe shi ya tsotse. Duk shekara sai Yaya ya hau babur ya bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa yana rubutu a littafi, ya ɗiga farin fenti a duk inda ya same ta. Wai don hukuma ta san da ita, ta hana masu fasa dutse isa wurin.

Ni na ɓata masa aiki. Wata ranar kasuwa a Funtuwa, ina rumfata ta hatsi, don dai a yi dariya na ce yayana ya koma kiwon ciyawar da abinci ke kawo mata kansa tana zaune. Kowa ya dara ban da Alhaji Mamman mai atamfa. Shi tambaya ya yi: "Tana zaune ka ce? Ba ta nema?" Kafin mako biyu magana ta zama wai laƙanin kasuwa ce, a busar a turara a shago, masu saye su manne. Manya da gemunsu, 'yan sahun gaba a masallaci, suka dinga hawa dutse da leda! Ko wahalar nema ba su sha ba, fentin Yaya ya nuna musu.

Da ya tarar an kankare wuraren tas, bai zage ni ba. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Habu, masu guduma nake tsoro, ashe a gida abin yake."

Ban san me zai ce ba da ya ga yau, da ake tallar garinta a waya, alhali na rantse busasshen ganyen rama ne a ƙullin. Wataƙila ya yi murna, tunda an bar ta gaske ta huta. In dai akwai saura.

Wannan tambayar ce ta kawo wata malamar jami'a gidana bana, tana neman littafin Yaya. Ta bi duk wuraren da ya rubuta, ba ko ɗaya. A shafin ƙarshe sai ga layi guda: "Saura wuri ɗaya, ban sa fenti ba. Nomau ya sani."

Baba Nomau tsohon manomi ne, Bamaguje, a bayan Ƙarfi. Ni na kai ta da kaina, ina ta rawar jiki. Tsohon ya dube ni sama da ƙasa.

"Malama za ta hau. Kai zauna nan. Malam Isiyaku ya ce ko bayan ransa kada a nuna wa Habu."

Haba! Ni ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ni da na ɗauki makararsa? Na zauna gindin ɗorawa ina cika ina batsewa har suka sauko. Gwiwoyin malamar duk laka, tana murmushi ita kaɗai.

Abin da ya rage na Yaya ke nan: wani lungun dutse da ban san inda yake ba. Har muka iso Funtuwa ban tambaye ta komai ba. Yaya ya san ni sarai, kuma ya yi daidai.